Ɗorin Hannun Sale a Tsakar Makaranta

Ɗaliban nan na Kano da Damagaram da ke karatu a Khartoum, kusan duk Juma'a sai sun kawo mini wani da ya gurɗe wajen ƙwallo. Su tsallako gada har Dar Salam ta nan Omdurman, su cika mini rumfa, su sha mini shayi, suna kallo ina aiki, daga ƙarshe wani cikinsu ya ce, "Baba Haruna, ashe ja ne kawai a ɗaure." To, tunda kun ce abu ne mai sauƙi, bari in gaya muku abin da ke cikin jan da ɗaurewar. Larabawa na kiran mai sana'ata basir, ku a gida kuna cewa maɗori. Kowanne kuka kira zan amsa, in dai ba lokacin ƙailula kuka zo ba.

Ƙafar tunkiya ce aikina na farko. Kawu Isiyaku, ƙanin mahaifiyata, shi ya koya mini, tun muna zaman kambo, sansanin 'yan ƙwadago, a Jazira muna cirar auduga. Yakan sayo ƙafa wajen mahauci da fatarta, ya juya mini baya ya maka mata taɓarya, ya miƙo mini ya ce in mayar. In lalluba da yatsu, in ja, in daidaita, in ɗaure. Sai ya feɗe fatar mu ga abin da na yi. In bakin ƙashi ya hau kan ɗan'uwansa, in sha ranƙwashi. In ya zauna daidai, ya ce sa'a na ci. Daga nan a kai wa matarsa ta yi miya. Kurakuraina na shekarun farko duk mun cinye su da kisra, wainar dawa ta mutanen nan.

Kayan aikin ba su cika jaka ba. Reshen dabino busasshe da ake tsagawa a fere, farin ƙyallen damuriya, auduga, man riɗi, da ƙaramar wuƙa. Amma kowane hannu da tsawon karansa, a gaban mai shi ake yanka, ba a zuwa da shi a yanke. In ɗauri ya yi sako-sako ƙashi ya zame, in ya matse yatsu su yi baƙi, mutum ya zo da karaya ya koma da dungu. Shi ya sa kullum za ku ga ina matsa farcen mutum ina saki, ina jiran jini ya dawo. Akwai kuma abin da ba na taɓawa: ƙashin da ya huda fata, ƙugu, gadon baya, kai. Waɗannan na asibiti ne, ko da mai shi zai yi kwana yana roƙona.

Wani manomi ya taɓa kwance ɗorin da Kawu ya yi masa, ya tafi gona saboda ruwan ban-ruwa ya shigo layinsa. Hannun ya haɗu a karkace, ya kai Kawu gaban shehun kambo ya ce shi ya lalata shi. Ba mai shaida, don a cikin ɗaki aka yi aikin. Tun daga ranar Kawu bai ƙara ɗori a rufe ba. A waje, da rana, kowa na gani, kowa na jin abin da aka ce wa mai ciwo ya yi da abin da aka hana shi. In yaro ne, sai wani nasa yana tsaye. Amma nasa ɗin ba ya riƙewa. Uba ƙato mai gemu, da zarar ɗansa ya yi ƙara sai hannunsa ya mutu ya saki, aiki ya lalace. Bare ake nema mai ƙarfi, wanda kukan ba zai shiga cikinsa ba. Haka na gada, haka nake yi, ban taɓa zama na yi tunanin ko akwai wata hikima a ciki ba.

Wuyan hannun wata maƙwabciyata, Hajja Kaltume, shi nake tunawa in an yi maganar mugunyar shekara. Lokacin Kawu ya rasu, na koma Bahri ina dako a wata masana'antar sabulu, ina ɗori da yamma. Sai aka rushe unguwarmu, aka kwaso mu a manyan motoci aka zube mu a nan, ba bishiya, ba famfo. Kowa ya zama magini dole. Mutumin da bai taɓa kwaɓa laka ba ya ta da katanga, katanga ta dawo kansa. Aiki ya yi mini yawa har ina ƙin fitowa. Amma ƙashi ya ƙi haɗuwa. In kwance ɗorin Hajja a lokacin da ya kamata, in tarar yana motsi kamar jiya ya karye. Na ce mata ta sha madara, ta ci waken turmus da dabino. Ta yi dariya har da hawaye, ta tambaye ni ko saniyar tana cikin jakata. A shekarar na san cewa rabin sana'ata tukunya ke yin ta.

Da unguwa ta ɗan zauna, makarantu suka zama manyan masu kirana. Dalili ba ɓoyayye ba ne. In ka kai yaro asibiti da rauni, sai an nemi takardar 'yan sanda. 'Yan sanda su yi tambaya, tambaya ta kai ofishin ilimi, kuma a zamanin soja ba mudir, wato shugaban makaranta, da ke son sunansa ya hau teburin wani. Basir kuwa ba ya rubutu. Don haka duk yaron da aka kawo mini daga makaranta, daga katanga ya faɗo. In ka bi ta bakin malamai, yaran Omdurman ba su da aiki sai faɗowa daga katanga. Akwai wata makaranta da ko katangar ba ta da ita, shingen ƙaya ne, ita ma yaranta daga katanga suke faɗowa. Ni ba alƙali ba ne. In uban yaro yana tsaye, in ɗaure in tafi.

Hannun Sale wata safiya ce da hantsi. Mai gadin makarantar maza ta bayan kasuwa, wani tsoho Adam, ya zo yana haki ya ce wakili na kirana. Wakili shi ne mataimakin mudir, sunansa Ustaz Babikir, siririn mutum mai koyar da lissafi, kullum wandonsa fari da alli. Mudir ya tafi taro, kamar kullum. Ustaz ya ja ni ɗakin ajiya, ya tura ƙofa. Can cikin karyayyun bencina na ga yaro zaune a kan buhu, ya tallabe hannunsa na dama, tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu ya lanƙwashe kamar lauje. Na san shi. Sale ne, ɗan Malam Idi mai karo, wato keken jaki, wanda ke sayar da ruwa a ganga da jaki, shi ke cika randunan makarantar ma. Na tambaye shi da Hausa me ya same shi. Ya amsa da Larabci, irin na yaran yanzu, ya ce katanga. Ustaz yake kallo, ba ni ba.

"Ya hajj," in ji Ustaz, "a gama a nan, kafin a buga ƙararrawar fatur, yara su fito karin kumallo."

"Ya ustaz, a nan ko farcen yaron ba na gani. A waje nake aiki. Kuma a kira ubansa."

Ya ce ai ba sai an ta da hankalin mutum yana neman abincinsa ba, shi da kansa zai raka yaron gida ya yi bayani. Ya ce yara za su taru. Ya ce shi ma uba ne. Ni ban iya gardama da masu karatu ba, hujjata guda ce, na fara mayar da kayana jaka. Da ya ga na ɗaure bakin jakar, sai ya aiki Adam.

Muka fito da Sale gindin darbejiyar da ke tsakar makaranta, kusa da randuna. Ina fere kara sai ga Malam Idi ya shigo a tsaye a kan karo, bulala a hannu. Gajeren mutum ne, amma muryarsa daga kasuwa ake jin ta. Adam ya riga ya gaya masa a hanya cewa katanga ce. Abin da Ustaz bai sani ba, duk unguwa kuwa ta sani, shi ne Sale ya taɓa haura katangar nan da gaske, ya tafi kallon fim a wani shagon bidiyo. Ranar Malam Idi ya rantse gaban maƙwabta cewa in aka ƙara, zai cire shi daga makaranta ya ba shi jakinsa na biyu.

Ya diro, ya dubi hannun, ya dubi katangar, ya gyaɗa kai.

"Madalla. Haruna, ɗaure mini shi da kyau, hannun ɗaukar garwa ne. Daga yau ya gama karatu."

Ustaz ya matso yana cewa abin bai kai haka ba, sha'anin yara ne. Malam Idi ya ce ya rantse, kuma shi ba ya da abin ciyar da miskinai don kaffara, shi kansa miskinin ne. Ustaz ya zaɓi katanga ne don ita ce ƙaryar da ba ta cutar kowa, sai ga shi ta faɗa kan yaron da ita kaɗai za ta iya raba shi da aji. Sale ya sunkuyar da kai.

A daidai nan aka buga tsohon ƙarfen taya da suka rataye a matsayin ƙararrawa. Makaranta duk ta fito, kowa da gurasarsa da wake a hannu, suka kewaye mu. Ni kuwa mai riƙo nake nema. Malam Idi ya naɗe hannun riga, na ce ya koma gefe, ya san ƙa'ida. Ustaz iska ma ɗaukarsa take yi. Adam tsufa ya cinye masa ƙarfi. Na ɗaga kai na hango wani ƙaton yaro can baya, har gashin baki ya fara tsiro masa, yana raɓewa bayan randuna.

"Kai, dogo, taho."

Ya girgiza kai. Yara suka yi tsit, na ɗauka kunya ce. Ustaz ya ce a nemi wani dai. Na ce ya nuna mini wani mai damtse irin wannan a cikin waɗannan 'yan tsaki. Aka turo yaron gaba. Sunansa Mu'awiya, shi ne alfan ajin su Sale, wato yaron da ake bar wa aji ya tsare in malami ba ya nan.

Na zaunar da Sale a benci, na ba shi ƙyalle ya ciza. Na nuna wa Mu'awiya inda zai kama, sama da gwiwar hannu, da hannu biyu, na ce ko ƙasa za ta tsage kada ya saki. Na shafa mai, na kama wuyan hannu da yatsu, na yi bisimilla na fara ja a hankali. Ga abin da ku masu kallo daga nesa ba ku sani ba. Ƙashi in zai koma wurinsa yana gurzar ɗan'uwansa, kuma ba da kunne ake jin wannan ba, da tafin hannu ake ji. Mai riƙo ya fi kowa jin sa, yana bi ta damtsensa har haƙora. Sale ya cije ƙyalle, gumi na zuba, bai yi ƙara ba. Wanda ke nishi Mu'awiya ne. Da ƙashin ya yi gurus ɗin farko, sai na ji shi yana magana ido a rufe.

"Wallahi kafaɗa na nufa. Shi ya ɗaga hannu. Wallahi kafaɗa na nufa."

"Riƙe dai," na ce. "Bayani sai an gama."

Ya kuwa riƙe, wannan zan ba shi. Na daidaita, na shimfiɗa auduga, na jera kara, na naɗe, na matsa farce jini ya dawo. Da na ƙulla na ƙarshe na ce ya saki, ya ja da baya kaɗan, ya zube gindin randuna kamar buhun gawayi. Yara suka yi ta sheƙa masa ruwan da Malam Idi ya kawo da safe.

Kada wani ya ce muku na gane da ido. Katanga tana karya hannu haka, sanda ma tana karya shi haka. Ni damtse kawai na gani na kira.

Malam Idi ya juya ga wakili a hankali.

"Ya ustaz, wace katanga ce take nufin kafaɗa?"

Kafin Ustaz ya amsa, yara suka ɓarke da magana gaba ɗaya, kamar dama jira suke a tambaya. Abin da na iya tsinta shi ne: albashi ba ya zuwa a kan kari, malamai na zamewa su je neman na cefane, aji ya zauna ba kowa. Sai makaranta ta raba wa kowane alfa guntun tiyo na roba ya tsare yara. Ajin su Sale ya cika har taga, ƙanana sun raina tiyon, suna yi wa Mu'awiya waƙa saboda ya maimaita aji. Shi kuma ya samo guntun rodi ya zura a ciki don ya daina lanƙwashewa. Ranar Sale ne ya yi dariya.

Na ɗauka magana ta ƙare, rantsuwa ta warware. Amma Malam Idi ya kama linzamin jakinsa ya ce Sale ya hau.

"Da katanga ce, da na cire shi don laifinsa. Yanzu zan cire shi don naku. Ni ko jakina ba na duka da ƙarfe. Kun karya mini yaro, kun koya masa ya yi mini ƙarya, kuna tsaye zan hukunta shi a kan abin da bai yi ba."

Ustaz Babikir yana iya cewa a jira mudir. Haka ake yi, kuma mudir ba ya dawowa sai magana ta huce. Sai na ga ya hau bencin da muka yi aiki a kai. Muryarsa ba ta da ƙarfi, amma wurin ya yi shiru har ana jin jaki na taunar ɓawon gurasa. Ya ce ba katanga, shi ya ce wa Sale ya faɗi haka, kuma shi da hannunsa ya raba tiyon. Ya ce kowane alfa ya je ya kawo nasa yanzu. Ya ce daga yau duk yaron da aka ji wa ciwo, ubansa ko uwarsa za a fara kira, a gaya musu wa ya yi, da me ya yi, in kuma na asibiti ne a je asibiti, da takardar 'yan sandan da komai. Ya ce za a kira uban Mu'awiya a yau, a zauna a gindin bishiyar nan, ba a ofis ba.

Aka tara tiyo a gabansa. Malam Idi ya saki linzami ya tsuguna yana duba su ɗaya bayan ɗaya, yana lanƙwasawa, yana hurawa, irin duban mai sana'a. Ya ce roba ce mai kyau, ta fi ta gangarsa da ta tsattsage. Ya zaro rodin daga na Mu'awiya ya miƙa wa Ustaz.

"Wannan naka ne. Ajiye shi a teburinka inda za ka riƙa gani."

Sauran ya tattara ya jefa a karo. Ya ce shi kullum da safe yana nan yana cika randuna, ran da ya ƙara ganin tiyo a hannun yaro, shi da jakinsa za su shiga ajin. Bai ce ya fasa cire Sale ba, bai kuma ce bai fasa ba. Ya ce a bari hannu ya haɗu tukuna ya ga kamun ludayin makarantar.

Uban Mu'awiya makanike ne a Bahri, ya zo bayan la'asar da baƙin mai a riga. Aka zauna gindin darbejiya, iyaye da yawa suka zo ba a gayyace su ba. Ya so ya dake ɗansa a wurin, Malam Idi ya riƙe shi ya ce, "Haruna ya gaji da ɗori." Aka sauke Mu'awiya daga alfa, aka ɗora masa kai wa Sale madara gida da kwafe masa darasi har a kwance hannu. Sale ya ce mini rubutun Mu'awiya ya fi karayar ciwo. Mudir da ya dawo bai ji daɗi ba. Kafin shekara ta ƙare aka mayar da Ustaz wata makaranta can inda mota ke juyawa. Ya biyo ya sha shayi a rumfata, ya ce can ma an ce masa katangarsu tana da tsawo. Amma a makarantar su Sale abin ya zauna, don iyaye sun gani da idonsu, ba mai iya mayar da shi ɗakin ajiya. Sauran makarantu kuwa suka ci gaba da faɗowa daga katanga. Mu'awiya yanzu raksha yake tuƙi, keken nan mai ƙafa uku, yana kawo mini masu ciwo, amma a kan kwana yake tsayawa har sai an gama.

Ranar kwance ɗori, Malam Idi ya kawo Sale da sassafe a kan karo. Na warware, na bi ƙashin da yatsa, ya haɗu, sai ɗan tudu da ba a rasawa. Na ba shi moɗa cike da ruwa ya ɗaga, na sa ya murɗa hannu gaba da baya. Na ce ya warke, amma kada ya ɗauki kaya mai nauyi tukuna. Na bi su a karo don ina da aiki wajen kasuwa, sabon tiyo yana lilo a bakin ganga. Sale bai san inda za a nufa ba. Da muka zo mararraba, ya miƙa hannun da ya warke zai karɓi linzami, wataƙila don ya nuna ya haƙura. Malam Idi ya ture hannun, ya karkata jaki wajen ƙofar makaranta, ya zaro jakar littattafai daga ƙarƙashin buhun da yake zaune a kai.

"Sauka," ya ce. "Ka makara."

Wanda har yanzu yake ganin ja ne kawai a ɗaure, ya zo Juma'a mai zuwa da ƙafar tunkiya. Taɓarya akwai a gida.